Yadda Ake Duba Tsofaffin Kayan Doki da Gyara Su Kafin Hawa

A gidajen sarauta da na masu sha'awar doki a Kano, Katsina, Zariya da Damagaram, ba abin mamaki ba ne a tarar da sirdin da ya girmi mai hawansa. Irin waɗannan kaya ana fito da su ne sau biyu a shekara, a Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah, daga nan a mayar da su ɗaki a rufe. To, yawancin ɓarnar da ke samun su a cikin wannan ajiyar take faruwa, sai dai ba ta bayyana sai ranar hawa, lokacin da doki ya zabura kuma nauyin mahayi ya koma kan likkafa ɗaya. Saboda haka mai shirin hawan Ƙaramar Sallah ya kamata ya kwance kayansa tun farkon azumi, domin baduku ya samu lokacin yin aiki a natse kafin masu kawo gyaran gaggawa su yi masa yawa.

A fara da fata, domin ita ce ke ɗauke da ran mahayi. Gumin doki yana da gishiri, kuma idan ya bushe a jikin fata yakan zuƙe maiƙon da ke cikinta. Hunturu ya zo ya ƙara busar da ita, damina kuma ta sa ta yi fumfuna. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: a kama kowace igiya a lanƙwasa ta sosai, fuska da baya, a wuri mai haske. Idan tsagar da ta bayyana a saman fatar kawai take, kamar zanen tafin hannu, shafa mata mai zai iya ceto ta. Idan kuwa tsagar ta buɗe har ana ganin cikin fatar, ko fatar tana zubar da gari kamar busasshen ganye, to ta mutu, kuma babu man da zai dawo da ƙarfinta. Mai zai sa ta yi laushi da sheƙi ne kurum, wanda ya fi haɗari, domin ido zai ɗauka ta warke.

Wurare uku ne suka fi tsinkewa: majayi (wato igiyar da ke zagaye cikin doki ta riƙe sirdi), igiyar likkafa da igiyar linzami. A kowannensu, inda fata ta naɗe a kan ƙarfe nan ne take cinyewa, domin kullum a wuri ɗaya take lanƙwashe, ga tsatsa tana ci ta ciki inda ba a gani. A zare likkafar gaba ɗaya a buɗe wannan lanƙwasar a duba. A duba ramukan da ake ɗaurewa kuma, domin ramin da ya yi tsawo maimakon ya zauna a zagaye yana gab da yagewa zuwa na kusa da shi. Ɗinki ma yakan riga fata mutuwa, don haka a ja ɓangarorin biyu da ƙarfi, a bi zaren da farce, in ya tsinke ko ya yi gashi a sake shi duka. A roƙi baduku ya bi tsofaffin ramukan, domin sababbin ramuka a kan layi ɗaya suna raunana fata. A ganina, waɗannan igiyoyi uku ba su cancanci faci ba ko kaɗan. Ado na goshi da na ƙirji ana iya lallaɓa shi shekara da shekaru saboda darajar wanda ya bar shi, amma majayin da zai riƙe sirdi a lokacin jahi, wato sukuwar gaishe da sarki, sabo ya kamata a yanka.

Wajen wanki, a goge ƙura da busasshen tsumma tukuna, sannan a bi da tsumma mai ɗan danshi da sabulu mara ƙarfi. Kada a jiƙa fata a bokiti, kada a yi amfani da omo, kuma kada a shanya ta a rana ko kusa da wuta. Idan ta sha iska a inuwa, a shafa man kaɗe kaɗan da tafin hannu, a murza har ya shige, a bar ta ta kwana, in tana bukata a ƙara. Shafi biyu ko uku marasa yawa sun fi a malala mai sau ɗaya, domin fatar da ta ƙoshi da mai takan saki ta miƙe. Baƙin mai na mota yana lalata fata da zare, man gyaɗa kuma yana jawo ɓera. Jar fata da aka rina takan yi duhu idan ta sha mai, saboda haka a gwada a wani lungu da ba a gani.

Sirdi kuwa ƙashinsa itace ne, kuma gara da ƙwaro suna cinsa ta ciki alhali rufin yana nan lafiya. A ɗora shi a cinya, a kama gaba da baya a matsa, a ɗan murɗa. Motsi ko ƙara alama ce ta karaya, haka nan garin itace da ke zubowa daga ƙananan ramuka. Karyayyen sirdi yana danne ƙashin bayan doki ya yi masa miki, kuma ƙara shimfiɗa a ƙarƙashinsa ba ya magance wannan. A taɓa cushen da ke ƙasa ma, in ya dunƙule ya yi tauri a farke a sake shi.

Linzami da likkafa a cuɗa su da yashi mai laushi a cire tsatsa, sannan a bi da yatsa ko'ina. Duk kaifin da yatsa ya ji, bakin doki zai ji fiye da haka, sai a kai wa maƙeri ya goge. Ƙarfen da tsatsa ta sirantar ko ya tsage a mahaɗa a ajiye shi don tarihi. Tagulla takan yi haske idan aka cuɗa ta da lemon tsami da toka, amma a raba ta da fata kafin a shafa, a kuma ɗauraye a busar.

Bayan an sauka daga hawa, a goge gumi a ranar, kada a bari sai gajiya ta wuce. Jalala, wato shimfiɗar ado ta sirdi, da sauran kayan zane a shanya su a inuwa su bushe sarai kafin a naɗe. A ɗora sirdi a kan itace nesa da ƙasa da bango, a rataye linzami a kan abu mai kauri maimakon ƙusa, a rufe da zanen auduga, domin leda tana tara danshi. A riƙa buɗe ɗakin ana dubawa ko da sau ɗaya a wata, musamman a watan Agusta da ruwa ya fi yawa, da kuma tsakiyar hunturu, lokacin da fatar za ta bukaci ƙarin mai.