Yadda Ake Zaɓen Dokin da Ya Dace da Aikin Jinya

Abu na farko da za a duba ga dokin da masu larurar jiki ko ta ƙwaƙwalwa za su riƙa hawa a matsayin magani shi ne halinsa, domin kyawun siffa ba ya maganin saurin firgita. A gwada shi da abubuwan da zai riƙa gani kullum: a turo keken guragu kusa da shi, a jefa ƙwallo ta gefensa, wani ya yi ihu ba zato, sannan mutum biyu su jera da shi dama da hagu yayin da na uku yake riƙe da ragama. Dokin da ya waiwaya ya duba, sannan ya natsu, shi ake nema. Shi ya sa aka fi son goɗiya ko dandaƙaƙƙen doki, a bar ingarma.

Daga nan sai tafiyarsa, wadda a ganina ita ce maganin kanta. Takun doki mai lafiya yana motsa ƙugun mahayi gaba da baya da gefe, kusan yadda ƙugu yake motsi idan mutum yana tafiya da ƙafafunsa, saboda haka ɗingishi ko kaɗan ne yana ɓata aikin. Likitan dabbobi ya duba bayansa da kofatansa da haƙoransa.

Tsayinsa ya zama matsakaici, wajen santimita 140 zuwa 160, don masu tallafar mahayi su kai gare shi, kuma kada nauyin mahayi da sirdi ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin dokin. A ajiye shi makonni ana gwaji kafin a ɗora masa majinyaci.