Kurakuran da ake yi wajen ba mai jinyar taɓin hankali izinin zuwa gida

Izinin kwana ɗaya ko biyu a gida wani ɓangare ne na magani, domin da shi ake gwada ko majinyaci zai iya komawa cikin iyalinsa. Sai dai binciken da Jami'ar Manchesta take gudanarwa a Birtaniya ya daɗe yana nuna cewa da yawa daga cikin majinyatan da suka kashe kansu a lokacin da aka kwantar da su a asibiti sun yi hakan ne a wajen ɗakin jinya.

Babban kuskure shi ne ɗaukar natsuwa a matsayin warkewa. Wanda ya fara cin abinci, yana gaisawa da ma'aikatan jinya, yana iya kasancewa ya samu ƙarfin jiki alhali baƙin cikin yana nan daram. Gyaransa shi ne a sake zama da shi a ranar fitar, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, domin tambayar ba ta cusa wa mutum wannan tunani. Kada a dogara da takardar auna haɗarin kashe kai da aka cike makon jiya.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne yin watsi da maganar iyali. A shekarar 2005, wani asibiti a Ingila ya bar wata matashiya mai shekara 24 ta tafi gida na kwana biyu duk da fargabar da iyayenta suka nuna, kuma washegari ta kashe kanta. A 2012 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukuncin cewa asibitin ya gaza kare rayuwarta, ko da yake da yardarta aka kwantar da ita. Idan uwa ta ce "ban ga alamar ya dawo daidai ba", wannan shaida ce da ya kamata likita ya rubuta ya kuma auna.

Akwai kuma sakin majinyaci ba tare da shiri ba. Tun kafin ya iso, a kawar da maganin ƙwari da na ɓera daga gidan, wani babba ya riƙe magungunansa yana ba shi a kan lokaci, a kuma san wanda zai kwana tare da shi. A rubuta wa iyali lambar wayar ɗakin jinya da lokacin dawowa, kuma idan lokacin ya wuce bai dawo ba, a fara nemansa nan take, kada a jira gari ya waye.