Yadda na gyara tsayin injin jirgin ruwa

Jirgin gudun da muke kaiwa madatsar Tiga ne muka sauya wa inji, Yamaha mai ƙarfin doki 150, a garejina da ke Ƙofar Ruwa. Ranar gwaji abin ya ɓata min rai: ruwa na ta fallatsa ta baya, jirgin kamar an ɗaure masa dutse, gudu babu.

Farfela na fara zargi, saura kaɗan in sayi wata. Ashe laifina ne. Da muka dawo Kano na kara miƙaƙƙen katako a ƙasan jirgin, sai ga shi farantin da ke saman farfela ya sauka inci ɗaya da rabi ƙasa da gindin jirgi, alhali daidai ya kamata su zo.

A maƙalin injin akwai jerin ramukan notuna da ake ɗaga shi ko sauke shi da su; tsakanin rami da rami kashi uku cikin huɗu na inci ne. Don zumuɗi na ɗaga rami uku, farfela ta riƙa shaƙar iska in an sha kwana. Na sauke ɗaya, na ɗaure notuna, muka koma Tiga. Mai jirgin ya zaga sau biyu, ya ce, "Malam, bar shi haka."