Gyaran Shagon Intanet a Saudiyya: Abin da Za a Fara Taɓawa

Mai sayar da dabino, turare ko abaya a Makka, Madina ko Jidda, idan ya buɗe shago a dandalin Salla, Zid ko Shopify, yawanci launi da tambari yake fara gyarawa. Ba nan ciniki ke zubewa ba. Yana zubewa ne tsakanin lokacin da mai saye ya buɗe shafi a wayarsa da lokacin da zai biya, don haka daga nan za a fara.

Hotuna ne suka fi nauyaya shago. Hoton da aka ɗauka da waya yakan kai megabait 3 zuwa 5, kuma shafi ɗaya na iya ɗaukar guda ashirin. A yanke kowanne ya zama murabba'i, piksel 1000 sau 1000, a matse shi ya sauka ƙasa da kilobait 200, a ajiye a tsarin WebP idan dandalin ya karɓa. Kowane kaya hoto huɗu sun isa: gabansa, kusa-kusa, cikin kwalinsa, da ɗaya a tafin hannu don a ga girma. Babban allon da ke jujjuya hotuna a saman shafi, a mayar da shi hoto ɗaya tak. Daga nan a auna saurin shagon da PageSpeed Insights, ma'aunin saurin shafi na Google, a duba sakamakon waya, domin da ita ake saye.

Kafin a taɓa ƙirar fuskar shago, wadda Larabawa ke kira ƙalib, a kwafe ta inda dandalin ya ba da dama, a yi gwaji a kan kwafin. Canji ɗaya, a duba, sannan na gaba. Wanda ya zuba gyara biyar lokaci guda, maɓallin biya ya ɓace, ba zai san wanne ya jawo ba. Haka ƙananan manhajojin da ake liƙa wa shago: kowacce tana ƙara nauyi, wadda ba a amfani da ita a cire. Kuma kada a kuskura a canza ƙalib a goman ƙarshe na Ramadan ko ana gab da Hajji.

Harshe yana da nasa tarkon. Larabci daga dama yake tafiya, boko daga hagu, don haka idan aka cakuɗa su a layi ɗaya, lambobi da alamomi sukan juye, "500g" ya koma inda ba a sa shi ba. A raba: sakin layi na Larabci daban, na Hausa daban. Sannan ba kowane salon rubutu ne ke ɗauke da ƙ, ɗ da ɓ ba. Wanda ba shi da su sai ya nuna ɗan akwati, ko harafin ya fito bare cikin kalma. Noto Sans yana da su. A gwada da "ƙamshi" a Android da iPhone. Tun da yawancin masu nema ba sa buga ƙugiya, a sa "kamshi" da sunan Larabcin kayan a cikin kalmomin bincike, in ba haka ba shagon zai ce babu alhali kaya na nan.

Wajen biya, mada, wato katin banki na cikin gida, ita ce kan gaba a Saudiyya, sai Apple Pay da STC Bank (tsohon STC Pay). Tabby da Tamara na biya kashi-kashi suna taimakawa a kaya masu tsada irin su turaren oud, amma kasonsu ya fi na mada, sai a lissafa shi cikin farashi. Masu saye daga Kano ko Yamai ba su da mada, dole a kunna Visa da Mastercard. Harajin ƙari (VAT) kashi 15 ne cikin ɗari tun Yulin 2020, kuma rajistarsa wajibi ce idan cinikin shekara ya haura riyal 375,000. Farashin da ke kan kaya ya haɗa da harajin. Mutumin da ya ga 100 sannan ya tarar da 115 a kwando, ficewa yake yi.

Aika kaya: a auna kowanne da kwalinsa. Kamfanoni irin su SMSA da Aramex suna cajin wanda ya fi yawa tsakanin nauyin sikeli da na girma, wanda galibi ake samu da tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 5000. Kwalin dardumai mai 40 × 30 × 30 zai fito kilo 7.2 ko da a sikeli kilo 3 ne. Turaren fesawa mai barasa kaya ne mai kama wuta, a tambayi kamfani kafin a yi alkawarin kai shi ƙetare ta jirgi. A fom ɗin oda a nemi gajeren adireshin ƙasa na Saudiyya, haruffa huɗu da lambobi huɗu, yana rage kiran direba.

A ƙasan kowane shafi a sa lambar rajistar kasuwanci, shaidar tantancewa ta Cibiyar Kasuwanci ta Saudiyya, da ƙa'idar mayar da kaya. Dokar cinikin intanet ta 2019 ta ba mai saye kwana 7 ya mayar da abin da bai yi amfani da shi ba, ban da wasu kayan da ta ware, kuma yana iya soke oda idan isarwa ta yi jinkirin fiye da kwana 15. Maɓallin WhatsApp kuwa, a rubuta lambar ta fara da 966, lambar kiran Saudiyya, ba tare da sifirin farko ba, a danna shi daga wata wayar a tabbatar ya buɗe.