Yadda za ku tsare kuɗin ƙungiya kar a yi sama da faɗi da su

Duk yaron da ya yi JSS an karantar da shi a darasin soshiyal cewa cin hanci daban, sama da faɗi daban. Cin hanci sai an samu mai bayarwa da mai amsa, amma sama da faɗi amana ce aka damƙa maka ka cinye kai kaɗai. Toh wannan na biyun shi ya fi damun mu a Katsina, ba ma sai an je ofis ba, a kwamitin masallaci da PTA da ƙungiyar samarin unguwa ma ana yi, kuma wlh mafi yawa ba ɓarayi ba ne tun farko, mutum ne aka bar ma kuɗi da littafi duka a hannu ɗaya, buƙata ta taso ya ce bari in ranta zan maida, shikenan.

Abu na farko ku raba aikin. Ma'aji ya riƙe kuɗi, sakataren kuɗi ya riƙe littafi, kuma kar su zama 'yan gida ɗaya ko uban gida da yaronshi. A buɗe asusu da sunan ƙungiya ba da sunan ciyaman ba, masu sa hannu mutum uku, ba a cire ko sisi sai biyu sun sa hannu, alat kuma ya riƙa shiga wayar wanda ba ya cikinsu. Nan ne za ku ji an fara cewa haba Alhaji ne fa, ba ku yarda da shi ba ne? Ku ce mai ranka ya daɗe don a kare mutuncinka ne, gobe kar wani ya yi maka ƙazafi. Mai gaskiya ba ya jin haushin rasit.

Duk wata a karanta shiga da fita a gaban kowa, a ɗauki hoton takardar banki a tura guruf ɗin WhatsApp. Buhun siminti ko ɗaya ne a kawo rasit.

In kuma an riga an ci, dan Allah kar a fara da Facebook, in ba ku da hujja ku za a kai ƙara. Ku tara takardu tukuna, ku zauna da shi da dattawa biyu, in ya amsa a rubuta yadda zai biya ya sa hannu gaban shaidu. Ya ƙi, a je wajen mai unguwa ko dagaci, daga nan sai 'yan sanda da kotu.

Kuɗin gwamnati kuwa hanyarsu daban. Akwai hukumomin yaƙi da cin hanci da rashawa, ICPC da aka kafa a 2000 da EFCC a 2003, duka lokacin Obasanjo, kuma suna amsar takardar koke daga kowa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka dama ka rubuta ma hukuma ka tambayi nawa aka ware ma aiki kaza, su amsa cikin kwana 7, abin da mutanenmu ba su cika amfani da shi ba duk da ƙananan hukumomi 34 gare mu. Sai tsarin tona asiri na 2016 lokacin Buhari, in bayaninka ya sa aka ƙwato kuɗi ana iya ba ka kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari. Kafin ka miƙa koke ka ɗauki hoton aikin da allon kwangilar in akwai, ka rubuta wuri da rana, ka aje kwafi a wajenka.