Filebon Banila: Kurakuran da Na Gaji da Gyarawa

Shekara 11 ke nan ina gashin kek na sayarwa, shekara 6 kuma ina koyar da 'yan mata a tsakar gidana. Duk rukunin da ya zo, a rami ɗaya suke faɗawa. Yarinya za ta tankaɗe fulawa sau biyu, ta fasa ƙwai ɗaya-ɗaya a kofi don gudun bara-gurbi, ta tsaya a kan bota har sai ta bugu ta yi fari tas. Da an zo kan filebo kuwa, sai ta zaro wata kwalba daga jaka, ba suna, ba kwanan wata, ta tuttula. In na ce daga ina, sai ta ce, "Anti, mai kyau ne wallahi, shinshina ki ji." To ni dai hancina ya gaji, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ki fara sanin cewa abu uku ake kira banila a kasuwa. Akwai na asali, ɗan wani tsiro mai yaɗo da ya fito daga Meksiko, yana yin kwanso dogo siriri kamar na wake. A sarrafa kwanson har ya yi baƙi, a jiƙa shi a barasa, a tace. Shi ake rubuta wa "pure vanilla extract". Akwai na haɗi, wanda za ki ga an rubuta "essence", "flavour" ko "imitation". Sinadarin banilin ne da ake yi a masana'anta, tun 1874 wasu Jamusawa biyu suka gano hanyar haɗa shi, kuma yau galibinsa daga dangin man fetur ake samowa, kaɗan daga itace. Kusan duk biskit da ayis kirim mai ɗanɗanon banila da kika taɓa ci da shi aka yi, ba shi da laifi in kamfanin kirki ne ya haɗa. Na uku kuwa ba na ci ba ne sam. Man ƙamshi ne na humra, turaren wuta, sabulu da man shafawa.

Wannan na ukun shi ya kusa raba ni da sana'a. Ina shekarata ta biyu na samu aikin gara, ƙananan kek 400 da cincin bokiti biyu. Ana gobe kai kaya filebona ya ƙare, na shiga kasuwa a gurguje. Mai shagon ya ce, "Hajiya, me za ki yi da waɗannan 'yan kwalaben? Ga na ɗuri nan, daga jarka muke zubawa, ɗigo kaɗan ya wadatar." Yaronsa ya ciko mini robar ruwa rabi, kuɗin bai kai na ƙaramar kwalba biyu ba. Na buɗe na ji ƙamshi ya doki hancina, na ce yau na yi tsuntuwa. Da na fara gashi har maƙwabta sai da suka aiko yara tambayar abin da nake yi. Ranar ina azumin ramuwa, ban ɗanɗana ba, kuma don kada lissafi ya karye ban ba ko yaro ɗaya ya gutsura ba. Na jera a kwali aka ɗauka.

Washegari da hantsi uwar amarya ta kira. Ba ta amsa gaisuwata ba. Cewa ta yi, "'Yar nan, kek muka ce ki yi mana ko humra?" Na sa aka dawo mini da guda ɗaya, na gutsura. Ɗaci, ga wani maiƙo da ya lulluɓe harshe, ga maƙaƙi a maƙogwaro da bai bar ni ba har la'asar. Allah ya taimake ni dangin amarya ne suka fara taɓawa, ba a kai gidan miji ba. Sai da na sayar da 'yan kunnena na mayar da kuɗin mutane, kuma har yau in na haɗu da matar nan a biki nakan ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na koma shagon, ashe jarkoki biyu ne a jere, duka an rubuta musu suna ɗaya da alƙalami, ɗaya ta masu kek, ɗaya ta masu turare. Yaro ya ɗebo daga wadda hannunsa ya fara kaiwa.

Don haka ki ji ni da kyau: kada ki sayi filebon ɗuri. Ko uban waye mai shagon, ko shekara nawa kika yi kina ciniki da shi. Kuma ɗaci da asarar fulawa su ne ƙaramar matsala. Filebon haɗi ana narka shi ne a wani ruwa mai kauri, ko gilisirin ko wanda ake rubutawa "propylene glycol". Waɗannan suna da wani mugun ɗan uwa mai kama da su a ido, mai ɗan zaƙi, mai araha, sunansa dayetilin gilaikol, irin wanda ake sa wa man birki. Yana kashe ƙoda. Shi ne ya shiga maganin haƙoran yara a Najeriya a ƙarshen 2008, yara 84 suka rasu. Shi ne kuma aka samu a maganin tari a Gambiya a 2022, aka rasa yara kusan 70. Waɗancan magunguna ne, amma ruwan narkin iri ɗaya ne da na filebo, kuma ƙofar da ɓarna ke bi ita ce dai wannan: ganga ba takarda, an zuba daga wannan mazubi zuwa wancan, ba wanda zai iya cewa ga inda ta fito. Ke kuma ki ɗauka ki zuba a kunun ayar da 'yan makaranta za su sha. Haba!

Ni ƙa'idata, kwalba sai mai hatimi a baki, mai sunan kamfani da adireshinsa, da jerin abin da ke ciki, da ranar lalacewa, da lambar NAFDAC in a nan aka saya. In rubutun ya dushe ko an liƙa wata takarda a kan wata, ina ajiye musu abinsu. Sabuwar kwalba kuma ba ta shiga kwaɓin mutane sai na ɗiga ta a rabin kofin madara mai sanyi na kurɓa. In ina azumi, akwai yara a gidan.

Kuskure na biyu na masu hali ne, su da suke ganin sun fi ƙarfin na ɗuri. Da an ce "ɗan waje ne" shi ke nan an gama bincike. Wata ɗalibata ta zo da kwalba rabin lita, baƙa wuluk, tana ɗagawa kamar kofin gasa. "Anti, Yayana ne ya kawo daga Amurka, ya ce a bakin iyakar Meksiko ya saya, can ne asalin abin, kuma araha kamar banza." Na juya kwalbar. Rubutun Sifaniyanci, hoton fure, babu jerin kayan haɗi ko layi ɗaya. Na ce mata a kicin ɗina dai ba za a buɗe ta ba. Ta yi fushi kwana biyu.

Gaskiya ne Meksiko ce mahaifar banila, mutanen Totonak na yankin Papantla sun daɗe suna noma ta, kuma har yau ana samun mai kyau a can. Amma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sha yin gargaɗi a kan irin waɗannan manyan kwalabe masu araha da ake sayar wa matafiya, domin wasunsu da ƙwayar tonka ake yin su, 'ya'yan wata bishiya ta Kudancin Amurka. Tonka tana da sinadarin kumarin, mai ƙamshi tsakanin banila da busasshiyar harawa, hanci ba ya saurin bambancewa. Yawansa yana taɓa hanta, shi ya sa Amurka ta hana sa shi a abinci tun 1954. Hukumar kula da abinci ta Turai ta sa iyakar abin da jiki zai ɗauka kullum a miligiram 0.1 ga kowane kilo na nauyin mutum, kin ga ƙaramin yaro nasa kason ba shi da yawa. Af, kumarin ɗin nan yana cikin kirfa mai kaurin ɓawo da muka fi samu a kasuwa, don haka masu dafa ta cokali-cokali kullum da sunan magani su ma su sassauta.

Ko ba ki san kumarin ba, farashi kaɗai ya isa ya tsayar da ke, banza ba ta kai zomo kasuwa. Tsiron banila yana shekara uku zuwa huɗu kafin ya yi fure. Furen kwana ɗaya yake buɗewa, kuma da hannu ake yi masa barbara ɗaya bayan ɗaya, da ɗan tsinke, dabarar da wani yaro bawa ɗan shekara 12 mai suna Edmond Albius ya gano a tsibirin Reyuniyon a 1841. Kwanson ya yi kamar wata tara kafin ya nuna, sannan a ƙara watanni ana turara shi, ana shanya, ana ajiya. Sai an tara ɗanye kilo biyar zuwa shida ake samun busasshe kilo ɗaya. In ban da za'afaran babu kayan ƙamshin da ya kai ta tsada. Madagaska ce ke noma mafi yawa, kuma da guguwa ta afka wa arewa maso gabashinta a watan Maris na 2017, kilo ya kai wajen dala 600. Ya sauko sosai daga baya, amma bai taɓa zama kayan banza ba. A dokar Amurka, kafin a kira abu "extract" sai an jiƙa kwanso kusan giram 100 a kowace lita. Ki lissafa da kanki abin da rabin lita zai ci. Ni ina duba jerin kayan haɗi: in ban ga an ambaci kwanson banila ƙarara ba, na haɗi ne, in saya da farashin na haɗi. In babu jerin ma gaba ɗaya, a bar wa Yaya tsarabarsa.

To ga inda gizo ke saƙar ga wadda ta dace da na asalin. Waccan dokar ta ce dole barasar da ke ciki ta kai kashi 35 cikin 100, wato dab da ƙarfin manyan giya. Da yawa ba su sani ba, waɗanda suka sani kuma sai su ce ai wuta tana ƙone ta. Ba duka ba. Jadawalin ma'aikatar noma ta Amurka ya nuna abin da aka gasa na rabin awa yana riƙe da kusan kashi 35 na barasar da aka zuba, wanda ya yi awa ɗaya kashi 25. Yogot da ayis kirim da kunun aya kuwa ko wutar ba sa gani. Adadin dai kaɗan ne, cokalin shayi ɗaya bai kai mililita biyu na barasa ba a kek guda. Malamai sun yi saɓani: wasu sun hana, wasu sun yi rangwame ga ɗan abin da ya narke ya ɓace a cikin abinci. Ki tambayi malaminki. Ni tunda wa mutane nake yi, kuma ba zan bi kowa in yi masa bayani ba, na haƙura da shi. Ina sayen wanda aka yi da gilisirin na tsirrai, ko garin banila, ko kwanson kansa. Kuma kada ki ɗauka na haɗi duk ya kuɓuta, wasu ma akwai barasa a ciki, a jerin za ki gani.

Sauran ƙanana ne, amma suna ba ni haushi.

Baƙin launi ba shaida ba ce, ƙonannen sukari ake zubawa. Wanda yake fari kamar ruwa kuwa na haɗi ne kai tsaye, ko me mai shago ya rantse da shi.

Awo da murfin kwalba: murafe ba girmansu ɗaya ba. Ki sayi cokalin awo. Farin garin banilin na cikin 'yar leda kuma da bakin wuƙa ake ɗiba, in kika cika cokali ɗaci za ki ci.

Kada ki ɓata mai tsada a cincin ko dubulan, tafasasshen mai yana kore ƙamshinsa, na haɗi ya fi jure wuta. A kastad sai kin sauke tukunya za ki zuba. A kek kuma cikin bota da sukari, ba kan fulawa ba.

Ajiye kwalba a taga ko saman murhu, a zafin watan Afrilu, kashe ta ne. Kabad mai duhu.

Saƙon da ake ta turawa a WhatsApp cewa banila daga bayan wata dabbar ruwa ake tatso ta, ki daina tura shi. Abin da ake samu a jikin dabbar tsada gare shi kuma kaɗan ne, masu turare ne suka fi amfani da shi, ba wanda zai zuba miki shi a filebon da kike saya.

In Allah ya hore miki kwanson, na Madagaska ko na Yuganda, ki lanƙwasa shi a yatsa. Mai kyau yana da laushi da sheƙi, ba ya karyewa. Kada ki sa a firij, fumfuna yake yi. Ni nakan tsaga biyu, in kankare baƙin 'ya'yan cikin kastad ɗin ranar Juma'a, ɓawon kuma in cusa shi cikin kwalbar sukari in rufe. Bayan sati biyu sukarin ya ɗauki ƙamshi, da shi nake yi wa Abban yara shayi, in ya yi ƙasa in ƙara wani a kai. Ɓawon da ke cikin kwalbata yanzu tun bayan ƙaramar salla yake nan.