Kurakuran da ke hana ɗalibi samun kiran intabiyu a makarantun likitanci na Birtaniya

Ɗiyar yayata ta fito daga ɗakin jarrabawar UCAT, wadda masu neman karatun likita a Birtaniya ke rubutawa, riƙe da takardar sakamakonta, ta ninke ta gida huɗu ta cusa a aljihun jaka, ta ce mini, "Kawu, ba laifi." Gaskiya ta faɗa, makin ba laifi. Bayan makonni uku ta cike fom ɗin UCAS, hukumar da ake neman gurbin jami'a ta hannunta, da jami'o'in nan huɗu da ta rubuta a bangon littafinta tun shekara biyu da suka wuce, ba ta sake buɗe takardar nan ta gwada ta da ko ɗaya daga cikinsu ba. Uku daga cikin huɗun jami'o'i ne masu jera mutane bisa makin UCAT su ɗebi na sama. Har watan Maris babu wadda ta kira ta. Ni ma da laifina, domin ina gefe ban ce komai ba.

Da wannan kuskuren na fara saboda shi ya fi kowanne cin mutane, kuma shi ya fi sauƙin gyara. Tsarin Birtaniya ya ba ɗalibi wata dama da ba kowa ke lura da ita ba. Ana rubuta UCAT daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba, ana miƙa maka sakamako a ranar kafin ka bar cibiyar, alhali ba a rufe karɓar takardun neman karatun likita sai ranar 15 ga Oktoba. Ke nan makinka na hannunka kafin ka zaɓi inda za ka nema. Kuma gurbi huɗu kacal aka yarda ka cike da likitanci cikin biyar ɗin da UCAS ke bayarwa. Wanda ya zaɓi huɗun nan saboda suna, ko saboda ɗan'uwansa na zaune a garin, ko saboda gidan ya daɗe yana ambaton Oxford, ya zubar da damar da aka ba shi kyauta.

Abin da ya sa haka shi ne jami'o'in ba hanya ɗaya suke bi wajen tace waɗanda za su kira ba. Bristol, alal misali, da zarar ka cika sharaɗin karatu, makin UCAT ne ke yanke hukunci: a jera kowa daga sama zuwa ƙasa, a kira adadin da ake buƙata, a ja layi. Sheffield ma ta dogara da shi ƙwarai. Cardiff kuwa an san ta da ba sakamakon GCSE, jarrabawar sakandare da ake yi a kusan shekara 16, nauyi mai yawa. Birmingham na haɗa biyun ta fitar da maki guda. Ɗalibai biyu masu maki ɗaya, ɗaya zai iya samun kira uku, ɗayan ya tashi hannu rabbana, don kawai wancan ya kai kayansa kasuwar da ake sayensu. Gyaran shi ne ka zauna da takarda da biro, ka rubuta abin da kake da shi: makin UCAT, matakin da ka samu a sashenta na hukunci (inda ake gwada abin da za ka yi a yanayin aiki), sakamakon GCSE ko makamancinsa, da hasashen da malamanka suka yi na sakamakon A-level, jarrabawar ƙarshe kafin jami'a. Sannan ka buɗe shafin kowace jami'a, ka nemi inda ta yi bayanin yadda take zaɓen waɗanda za ta kira, ka karanta shi layi-layi. Majalisar makarantun likitanci ta ƙasar, wato Medical Schools Council, tana tattara sharuɗɗan dukkansu wuri guda kowace shekara, daga nan ya kamata a fara. Idan makinka ya yi sama sosai, nemi masu jera mutane da UCAT, domin a nan ne zai yi maka aiki. Idan tsaka-tsaki ne amma GCSE ɗinka ya yi kyau, karkata ga masu duba GCSE. Ba na hana kowa saka jami'ar da ransa ke so, amma guda ɗaya ta isa, sauran ukun lissafi ya zaɓe su.

Daga nan sai kuskuren da ke biye da shi kamar jela: ɗaukar mafi ƙarancin makin bara a matsayin doka. Tambayar da aka fi yi mini ita ce, "Maki nawa ake buƙata?" Yawancin jami'o'in ba sa tsayar da lamba tun farko. Sai takardu sun shigo, UCAT ta aika musu da sakamako a watan Nuwamba, sannan su ga inda layin ya faɗa. Lambar da ka gani a intanet makin mutum na ƙarshe ne da aka kira a waccan shekarar, cikin waɗancan masu nema. Bana mutane daban ne. Idan jami'a ta yi suna da cewa layinta ya sauka bara, sai kowa ya ruga can, layin ya tashi. Don haka a duba shekara uku a jere, a ga inda abin ya dosa, a kuma bar tazara. Wanda makinsa ya yi daidai da layin bara cif-cif yana tsaye ne a bakin rami.

Akwai wani ruɗani da ya ƙaru a kan wannan tun 2025, kuma ina ganin iyaye sun fi faɗawa cikinsa. A da jarrabawar na da sassa huɗu masu maki, kowanne daga 300 zuwa 900, jimilla daga 1,200 zuwa 3,600. A 2025 aka cire sashen da ake gano tsarin siffofi, saura uku: fahimtar rubutu, yanke shawara, da lissafi. Jimilla yanzu daga 900 ne zuwa 2,700. Sai ka ji uba ya karanta wani tsohon bayani da ke cewa wata jami'a ta tsaya a 2,800, hankalinsa ya tashi don ɗansa ya kawo 2,150, bai san cewa yanzu ko mutum bai faɗi tambaya ɗaya ba, ba zai wuce 2,700 ba. Duk lambar da ka gani, fara tambayar ta wace shekara ce. Abin da ya fi amfani ma shi ne sanin matsayinka cikin waɗanda suka rubuta tare da kai. UCAT na fitar da alƙaluma na wucin gadi a cikin Satumba, sannan na ƙarshe bayan an kammala, inda take raba masu jarrabawar gida goma. Ka san ko kana cikin kashi goma na sama, ko kashi talatin, ko tsakiya. Wannan ne ma'aunin da ba ya ruɗi ko da an sauya tsarin maki. Haka nan duk shawarar da ke maganar BMAT, jarrabawar shiga da wasu jami'o'i ke amfani da ita a da, ta tsufa: an daina ta bayan 2023, Oxford da Cambridge da Imperial da UCL duk sun koma UCAT.

Wanda ke nema daga wajen Birtaniya kuma, kada ya auna kansa da layin 'yan ƙasa. A Ingila an ƙayyade guraben 'yan waje a kusan kashi 7.5 cikin ɗari na ɗaliban likitanci, don haka ana jera su ne daban, a tsakaninsu suke gasa, kuma layinsu na iya bambanta da na 'yan gida sosai. Jami'o'in Sikotlan ma suna raba mazauna Sikotlan da sauran 'yan Birtaniya. Sannan akwai sassaucin da ake yi wa ɗaliban da suka fito daga unguwanni ko makarantu marasa galihu, wanda kan sa a ga wata ƙaramar lamba a ɗauka ta kowa ce. Idan ka ga lamba, tambayi ta wane rukuni ce. Idan jami'a ba ta wallafa ba, rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai ka tambaya, suna amsawa. A kuma yi maganar kuɗi tun kafin a cike fom: ɗan ƙasa a Ingila ya biya fam 9,535 a shekarar karatu ta 2025, ɗan waje kuwa a jami'o'i da dama yakan biya sama da fam 40,000 a shekara, har shekara biyar ko shida.

Sashen hukunci shi ne maraya a wajen masu shiri. Tambaya 69 ce cikin minti 26, ba a ba shi maki irin na sauran, mataki ake bayarwa daga 1 zuwa 4, na 1 ya fi kyau. Da yake ba ya shiga jimilla, sai yara su bar shi sai daren jarrabawa, suna cewa ai hankali ne kawai. Amma jami'o'i da yawa, ciki har da Edinburgh, ba sa duba takardar wanda ya samu mataki na 4, komai yawan makinsa. Wasu kuma suna mayar da matakin maki su haɗa da na intabiyu. Kuma hankalin da ake nema a nan na aikin ne, yana da ƙa'idojinsa. Za a ce maka abokin karatunka ya sa hannu a takardar halarta a madadin wani, ko babban likita ya rubuta magani kana ganin kamar akwai kuskure, me ya dace ka yi? Yaron da aka rene shi da kunyar manya da rufa wa aboki asiri yakan zaɓi yin shiru, yana ganin ladabi ya yi. A ma'aunin jarrabawar, lafiyar majiyyaci ce gaba da komai, gaskiya na biye, kuma ana so ka kai magana ga wanda ya dace ba tare da ka wuce iyakar matsayinka ba. Hukumar kula da likitoci ta ƙasar, GMC, ta wallafa ƙa'idojin aikin likita da na ɗaliban likita, kyauta ne a shafinta. Wanda ya karanta su sau biyu a natse zai ga daga inda amsoshin ke fitowa.

Game da shirin jarrabawar kanta, kuskure ɗaya ne ke sauya riga: shirya mata kamar jarrabawar makaranta. Babu ilimin halittu ko na sinadarai a cikinta, babu abin haddacewa. Lokaci take gwadawa. Sashen fahimtar rubutu tambaya 44 ne cikin minti 22, daƙiƙa talatin ke nan kowace tambaya, har da karanta nassin. Lissafi 36 ne cikin minti 26. Ɗalibi mai ƙwazo, wanda ya saba ba ya barin tambaya sai ya ga bayanta, shi ya fi shan wahala a nan: zai kashe minti uku kan guda ɗaya mai wuya, ya bar biyar masu sauƙi a ƙarshe bai ko gan su ba. Ba a rage maki don an faɗi tambaya, saboda haka kada a bar ko ɗaya babu amsa. Wadda ta ƙi, ka cinka, ka sa mata alama, ka wuce. A yi atisaye a kwamfuta mai madannai, da agogo yana tafiya, da ƙaramar kalkuletar da ke kan allo, domin ita za a ba ka, ba ta hannu ba. Gwaje-gwajen da ke shafin UCAT kyauta ne kuma su suka fi kama da ta gaske, a adana su zuwa makonnin ƙarshe. Bayan kowane gwaji, lokacin da za ka ɓata kana duba dalilin kowane kuskure ya fi gwajin kansa amfani.

Sau ɗaya ake rubuta ta a shekara, kuma sakamakon na wannan zangon ne kawai. Rajistarta daban take da UCAS, ba wanda zai yi maka ita. Masu jinkiri sukan tarar ranakun da suke so sun cika, musamman a ƙasashen da cibiyoyin Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da jarrabawar, ba su da yawa. Ni ina ba da shawarar Agusta ko farkon Satumba: an samu hutun shiri, ba a koma makaranta ba, kuma idan rashin lafiya ta gitta akwai sauran ranakun da za a matsa. Sunan da ke kan fasfo ya zama shi ne a rajista harafi da harafi. Mai lalurar da ke ba shi damar ƙarin lokaci ya nema tun kafin ya kama rana.

Wasu ƙananan abubuwa na kayar da mutum tun kafin a dubi makinsa. Darasin da jami'a ta wajabta a A-level, galibi sinadarai ko halittu ko duka biyun. Shekarun haihuwa, domin da yawa suna so ka cika 18 a farkon karatu ko kusa da haka. Shaidar Turanci ga ɗan waje. Ko takardar sakandaren ƙasarka ta isa ita kaɗai, wanda sau da yawa ba ta isa. Ranar 15 ga Oktoba kuma ƙarfe shida na yamma ne agogon Birtaniya, kuma dole bayanin malaminka ya riga ya shiga, shi ya sa makarantu ke sa tasu ranar kafin nan.

Gurbi na biyar kada a bar shi fayau. Saka wani fanni da za ka iya karantawa da zuciya ɗaya ba ya rage maka daraja a wajen makarantun likitanci, domin ba sa ganin sauran wuraren da ka nema a lokacin da suke yanke hukunci.

Sai wanda ya samu maki mai kyau ya miƙe ƙafa yana jiran kira. Makin ƙofa kawai yake buɗewa. A jami'o'i da dama, da zarar ka shiga ɗakin intabiyu, abin da ka yi a ciki shi ke ba ka gurbi ko ya hana ka. Ana yin su daga Disamba zuwa Maris, kuma wani lokaci tsakanin saƙon gayyata da ranar bai wuce mako biyu ba. Yawancinsu tasha-tasha ne, kowace 'yan mintoci: a nan a ba ka matsalar ɗa'a, a can ka yi wa wani ɗan wasan kwaikwayo bayanin labari mara daɗi, a gaba a tambaye ka abin da ka koya a gidan kula da tsofaffin da ka ce ka yi aikin sa kai. Oxford da Cambridge kuwa zama ake yi da malamai a Disamba, su ba ka matsalar kimiyya su ji yadda kake tunani da baki. Shirin wannan yana farawa ne washegarin tura fom.

Ɗiyar yayata ta sake rubuta jarrabawar a shekarar da ta biyo, makin ya ɗan ƙaru, ba da yawa ba. A wannan karon mun baje takardar a kan tebur, muka yi kwana uku muna bin jami'o'i ɗaya bayan ɗaya, tana karantawa ina rubutawa. Biyu daga cikin tsofaffin huɗun nan da kanta ta soke su. Kira biyu ta samu, na farko ya shigo ana saura kwana goma sha ɗaya ranar intabiyun.